Kalmar "Paganism" a Turanci: Daga Zagi Zuwa Sunan Addini



A ƙidayar jama'ar da aka yi a Ingila da Wales a shekarar 2021 an saka tambaya a kan addini, wadda ba a tilasta wa kowa amsa ta ba. Takardar ta jera Kiristanci da Musulunci da Yahudanci da addinin Hindu da na Buddha da na Sikh, ta ware wuri ga marasa addini, sannan ta bar fili ga wanda nasa ba ya cikin jerin ya rubuta da kansa. Kusan mutum 74,000 ne suka rubuta "Pagan". Shekara goma kafin nan, masu rubuta haka kusan 57,000 ne. Babu wanda ya laƙaba musu wannan suna, su suka zaɓe shi, har suna neman a riƙa rubuta shi da babban baƙi kamar sunan kowane addini.

Abin mamaki shi ne, kalmar ta shafe fiye da shekara dubu tana yawo a bakin mutane, kuma kusan babu mai kiran kansa da ita. Kullum wani ake jifa da ita. An jefi masu bautar gumakan Rum, an jefi mayaƙan arewacin Turai, an jefi Musulmi da Yahudawa, an jefi mutanen Indiya da Sin, an kuma jefi al'ummomi da dama na tsakiyar Nijeriya a takardun mulkin mallaka. Wannan lacca za ta bi sawun kalmar zamani bayan zamani, don a ga cewa ma'anarta ta dogara ne ga mai furta ta da lokacin da ya furta ta, kuma mai fassara ta zuwa Hausa da kalma guda ko da yaushe zai riƙa ɓatar da masu karatunsa.

Asali: baƙauye ko farar hula?

Kalmar ba ta Turanci ba ce tun fil'azal. Daga Latin ta fito, harshen Rumawa. A wajensu "pagus" gunduma ce ta karkara mai iyakokin da aka shata, "paganus" kuwa mutumin wannan gunduma ne, wato baƙauye. Daga wannan tushe Faransawa suka samu kalmarsu ta ƙasa da ta manomi, mutanen Ingila kuma suka ari ta biyun ta zama "peasant". Babu ƙanshin addini a ciki ko kaɗan.

Sojojin Rum kuwa suna da tasu ma'anar. A barikinsu duk wanda ba soja ba "paganus" ne, farar hula ke nan, kuma da raini suke faɗa. Marubucin tarihin nan Tacitus ya yi amfani da ita haka. Haka ma Tertullian, malamin Kirista na birnin Carthage, a ƙasar Tunisiya ta yau. Wajen shekarar 211 ya yi rubutu a kan wani soja Kirista da ya ƙi ɗora kambin ganye a kansa ranar da ake raba wa sojoji kyautar sarki. Kowa ya ɗora nasa, shi kuwa ya riƙe a hannu, aka gane shi, aka kama shi, aka ɗaure. A cikin wannan rubutu "paganus" na nufin wanda ba soja ba, ko da kuwa Kirista ne mai cikakken imani.

Sai a ƙarni na huɗu, bayan Sarki Constantine ya karkata ga Kiristanci daga shekarar 312, kalmar ta fara nufin wanda ba Kirista ba kuma ba Bayahude ba. Da wannan ma'ana ta fito a wata dokar Sarki Valentinian na Farko wajen shekarar 370. A 391 da 392 Sarki Theodosius ya haramta yi wa gumaka yanka da shiga ɗakunan bautarsu. Ba a daɗe ba, a 410, mayaƙan Alaric suka shiga birnin Rum suka wawashe shi, masu tsohon addini suka ce alhakin allolin da aka yi watsi da su ne. Don mai da musu martani Augustine, babban limamin cocin Hippo a Aljeriya ta yau, ya rubuta littafinsa na Birnin Allah tsakanin 413 da 426, kuma a cikakken sunan littafin akwai kalmar, domin a kansu aka rubuta shi. Almajirinsa Orosius ma ya rubuta tarihin duniya da manufa iri ɗaya. Waɗannan littattafai biyu su suka kafa kalmar a harshen coci.

To me ya haɗa baƙauye ko farar hula da wanda ba Kirista ba? Masana sun rabu uku. Na farko sun ce Kiristanci a birane ya fara ƙarfi, ƙauyawa suka daɗe a kan tsoffin al'adu, shi ya sa sunansu ya bi addinin. Orosius kansa haka ya bayyana, kuma an san yadda Martin na Tours ya riƙa bin ƙauyukan Faransa a ƙarshen ƙarni na huɗu yana rushe wuraren tsafi. Sai dai wannan bayani yana da ɓaraka, domin manyan masu kare tsohon addini ba ƙauyawa ba ne. Symmachus, wanda ya roƙi sarki a 384 a mai da bagadin allahiyar nasara zauren majalisar dattawa, babban attajiri ne kuma gwamnan birnin Rum. Makarantar falsafa ta Atina ma ta ci gaba da koyarwa har zuwa 529.

Na biyu sun ce Kiristoci suna kiran kansu sojojin Almasihu, don haka wanda bai yi baftisma ba farar hula ne, bai shiga runduna ba. Edward Gibbon da Adolf von Harnack suna cikin masu wannan ra'ayi. Na uku, bisa jagorancin masaniyar Latin Christine Mohrmann, sun ce ma'anar ita ce bare kawai, wanda ba ɗan ƙungiya ba.

Ko wane ra'ayi aka ɗauka, abu guda ya tabbata: babu wani addini mai wannan suna a Rum. Mai bautar Jupiter da mai bautar Isis ta Masar da sojan da ke bin Mithras ba su ɗauki kansu mabiya tafarki ɗaya ba. Abokan hamayyarsu ne suka tara su wuri guda suka raɗa musu suna. A gabashin daular ma, inda ake magana da Girkanci, wata kalmar aka zaɓa, ana ce musu "Helenawa", wato Girkawa.

Shigarta Turanci

Mutanen Ingila suna da tasu kalmar kafin wannan ta iso, ita ce "heathen". Da ita marubutan tarihin Anglo-Saxon suka kira mahara na arewa da suka faɗa wa gidan ibadar Lindisfarne a 793, da ita kuma suka kira babbar rundunar Danish da ta sauka Ingila a 865. Wasu masana suna danganta ta da "heath", wato fako ko daji marar noma. Ta fi "pagan" tsufa a Turanci, ta kuma fi ta zafi a baki. Har gobe uwa a Ingila tana iya kiran yaranta da ita in sun shigo ɗaki da ƙazanta ko sun ci abinci ba ladabi.

Bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, kalmar Latin ɗin ta shigo da rigar Faransa a matsayin "paynim". "Pagan" kanta sai wajen shekarar 1400 ta bayyana, "paganism" kuma ta biyo baya a ƙarni na goma sha biyar. Har sunan yanka ta taɓa zama a wajen Normawa, daga nan aka samu sunan dangin nan Payne da ake ji har yau.

Abin da zai ja hankalin masu sauraro a nan shi ne waɗanda aka fi kira da ita a wancan zamani. Lokacin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya ne, kuma a waƙoƙin jarumta na Turai, "paynim" kusan ko da yaushe Musulmi ne. Waƙar Roland, wadda aka tsara da tsohon Faransanci wajen shekarar 1100, kuma tsohon kwafinta yana ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, ta nuna Musulmin Saragossa suna bauta wa gumaka uku, suna zagin su in an ci su da yaƙi. Alhali a tarihi, waɗanda suka yi wa rundunar Charlemagne kwanton ɓauna a Roncevaux a 778 mutanen Basque ne, ba Musulmi ba. Jahilcin ya kai har an gurɓata sunan Manzon Allah (SAW) a Turancin wancan lokaci aka mai da shi kalmar da ke nufin gunki. Malaman Turai sun san ba haka ba ne, tun da an fassara Alƙur'ani zuwa Latin tun 1143, amma mawaƙi da masu sauraronsa ba su damu da bambancin ba. Duk wanda ba a yi wa baftisma ba, sunansa guda.

A wasannin Shakespeare an ga yadda kalmar ta yi laushi har tana shiga ko'ina. A wasan Attajirin Venice, wani bara ya kira 'yar Bayahuden da yake wa aiki da ita cikin raha. A kashi na biyu na wasan Henry na Huɗu an yi amfani da ita da nufin karuwa. Ke nan tun kafin 1600 ma'ana ta biyu ta tsiro: ban da wanda ba Kirista ba, akwai wanda ba ya kiyaye dokokin ɗabi'a.

Ɗakin shirgin addinai

Daga ƙarni na goma sha bakwai, da jiragen ruwan Turai suka zagaya duniya, marubutan Ingila suka fara kasa addinai gida huɗu: Kiristoci, Yahudawa, Musulmi, sai sauran. Musulunci ya fita daga cikin "paganism" ya samu gidansa. Gida na huɗun kuwa ya zama tamkar ɗakin shirgi, duk abin da aka rasa inda za a ajiye sai a jefa ciki. Edward Brerewood, malamin ilimin taurari a Kwalejin Gresham ta Landan, ya yi ƙiyasi a littafinsa da aka buga a 1614 cewa in an kasa ƙasashen da aka sani kashi 30, Kiristoci suna da 5, Musulmi 6, masu bautar gumaka kuwa 19. A cikin waɗannan 19 akwai malamin Sanskrit na Benares da ma'aikacin fadar Sin mai bin Confucius da maharbin dajin Amurka, duk da suna ɗaya. Wannan rabo ya daɗe: ƙamus ɗin addinai da Hannah Adams ta buga a Amurka a 1817 har a bangonsa gida huɗun ne.

Kalmar ba a littafi kawai ta tsaya ba, ta shiga doka, ta taɓa rayuka. A 1452 Paparoma Nicholas na Biyar ya ba Sarkin Fotugal takardar izinin yaƙar Musulmi da "pagani" da bautar da su. A 1682 majalisar Virginia, ƙarƙashin mulkin Ingila, ta yi dokar da ta halatta riƙe mutum bawa in iyayensa da ƙasarsa ta asali ba Kiristoci ba ne lokacin da aka fara sayen sa, kuma a cikin dokar an ambaci "pagan" da "heathenish" tare da Musulmi.

A ƙarni na goma sha tara aka fara kwashe kaya daga ɗakin. Sunayen "Hinduism" da "Buddhism" suka kama ƙasa a Turanci. Max Müller na Oxford ya jagoranci fassara littattafan addinan Gabas, mujalladi 50 tsakanin 1879 da 1910. Duk addinin da aka samu yana da rubutaccen littafi sai a ba shi suna a fitar da shi. Waɗanda aka bari a ciki su ne al'ummomin da ba su rubuta addininsu ba, galibi a Afirka da tsibiran Asiya. Sunayen littattafan zamanin sun ishi shaida: "Pagan Races of the Malay Peninsula" na 1906, "The Pagan Tribes of Borneo" na 1912, da "Pagan Tribes of the Nilotic Sudan" na 1932.

A nan ne labarin ya iso gida. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, takardun gwamnatin Lugard suka raba Arewa gida biyu: masarautun Musulmi da yankunan "pagan". Birom da Angas da Tibi da Bachama da Jukun, masu harsuna da sarautu da ibadu daban-daban, duk kalma guda aka rufe su da ita, alhali Jukun suna da tsohuwar sarauta da C. K. Meek ya rubuta littafi sukutum a kanta a 1931. Rabon yana da sakamako a aikace. An taƙaita shigar mishan cikin masarautu, aka buɗe musu sauran yankunan, shi ya sa ƙungiyoyi irin su Sudan Interior Mission da Sudan United Mission suka fi kafa makarantu da asibitoci a can. A ƙarshe 'ya'yan mutanen da aka rubuta "pagan" a fayil suka zama Kiristoci da Musulmi da yawansu, amma raɗaɗin sunan bai gushe ba.

Malaman Afirka ne suka fi yaƙar kalmar. Bolaji Idowu, limamin cocin Methodist kuma farfesa a Jami'ar Ibadan, ya bi kalmomin da Turawa ke amfani da su ɗaya bayan ɗaya a littafinsa na 1973 a kan addinin gargajiyar Afirka, ya nuna rashin dacewarsu, har da "paganism" da "heathenism". Shi da John Mbiti na Kenya da Geoffrey Parrinder suka sa sunan "addinin gargajiya na Afirka" ya maye gurbi a jami'o'i. Yau ɗalibin da ya rubuta "pagan tribes" a kundin digiri, malaminsa zai ja masa layi da jan biro.

Mawaƙa sun juya ta

A daidai lokacin da 'yan mishan ke amfani da kalmar a Afirka da nufin duhu, a Ingila wasu suna ba ta ma'anar haske. Ɗan gidan masu hali a can da Latin da Girkanci yake tashi, yana karanta Homer da Plato da Virgil, waɗanda duk ba Kiristoci ba ne. Ga irin wannan mutum, "pagan" na tuna masa da gine-ginen Atina da gumakan marmara da falsafa. Da masana'antu suka cika birane da hayaƙi, mawaƙa suka fara begen wancan zamani. William Wordsworth ya buga wata gajeriyar waƙa a 1807 inda ya nuna ya gwammace ya zama mai tsohon addini da ya rayu cikin mutanen da neman kuɗi ya rufe wa ido ga teku da iska. Algernon Swinburne ya fi shi tsauri, domin waƙoƙinsa na 1866 sun tayar da ƙura saboda yadda suka fifita tsoffin alloli. Kenneth Grahame, ma'aikacin Bankin Ingila, ya sa wa tarin maƙalunsa na 1893 suna "Pagan Papers", alhali yawo a karkara da hutu ne akasarin abin da ke ciki.

Wajen 1911 marubuciya Virginia Woolf ta yi wa mawaƙi Rupert Brooke da abokansa na Cambridge laƙabin "Neo-pagans". Ba gunki suke bauta wa ba. Samari da 'yan mata ne masu son kwana a tanti, tafiya ba takalmi da iyo a kogi. Daga nan ma'ana ta uku ta zauna: mai son jin daɗin jiki da kyan halitta, wanda wa'azin coci bai dame shi ba. A bakin malaman coci kuwa "neo-paganism" ta ci gaba da zama zargi, kuma da ita da yawansu suka siffanta aƙidar Nazi ta bautar jini da ƙasa a shekarun 1930.

Masu kiran kansu da ita

A 1951 Birtaniya ta soke tsohuwar dokar da ta shafi maita. Bayan shekara uku wani tsohon ma'aikacin kwastan da ya yi aiki a Malaya, Gerald Gardner, ya buga littafi yana cewa akwai wani tsohon addini da ya tsira a ɓoye, kuma shi ɗan cikinsa ne. Wannan shi ne abin da aka sani yau da Wicca, inda ake girmama allahiya da abokin zamanta, ana bukukuwa takwas a shekara bisa juyin yanayi, kamar na 1 ga Mayu da na 31 ga Oktoba. Masanin tarihi Ronald Hutton na Jami'ar Bristol ya nuna a littafinsa na 1999 cewa addinin sabo ne, an haɗa shi ne a ƙarni na ashirin daga littattafai da al'adun ƙungiyoyin asiri, kuma mabiyansa da yawa sun karɓi wannan bayani.

A Amurka, Tim Zell, wanda daga baya ya koma Oberon Zell, ya yi amfani da mujallarsa ta Green Egg daga 1968 wajen yayata "Pagan" a matsayin sunan da zai haɗa ƙungiyoyi irin waɗannan. A Birtaniya aka kafa ƙungiyar da ta zama Pagan Federation a 1971. A Aislan, masu farfaɗo da bautar Odin da Thor suka samu amincewar gwamnati a 1973. Sannu a hankali hukumomi suka buɗe ƙofa. A 2007, bayan shari'ar da ta haɗa da matar wani sojan da aka kashe a Afganistan, ma'aikatar tsoffin sojojin Amurka ta yarda a sa tauraro mai tsini biyar na Wicca a kan duwatsun kaburburan sojoji. A 2010 hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta Ingila ta amince da Druid Network a matsayin ƙungiyar addini. Ƙidayar Sikotlan ta 2022 ta samu sama da mutum 19,000 masu wannan suna. Duk ranar da ta fi tsawo a shekara, wajen 21 ga Yuni, dubban mutane kan kwana a tsakanin duwatsun Stonehenge suna jiran fitowar rana, wasu da fararen riguna da ganguna, wasu 'yan kallo kawai.

Amma ko a cikinsu ba kowa ke son sunan ba. Mabiya allolin arewacin Turai sun fi son "Heathen", wato sun ɗauki ɗaya zagin suka mai da shi nasu. Da wakilan irin waɗannan addinai suka taru a Vilnius ta Lituwaniya a 1998, sai suka sa wa majalisarsu sunan addinan ƙabila, suka kauce wa "pagan". Akasarin mabiya Hindu da Shinto da 'yan asalin Amurka kuwa ba su yarda a kira su da ita ba sam.

Yadda ake amfani da ita yau

Mai karanta Turancin zamani zai gamu da kalmar a wurare huɗu. Na farko a littattafan tarihi, inda take nufin addinan Turai da Gabas ta Tsakiya kafin Kiristanci da Musulunci, ba tare da zagi ba. Da wannan ma'ana ake cewa sunayen ranakun Turanci na "pagan" ne, domin Talata da Laraba da Alhamis da Juma'a an raɗa musu sunayen Tiw da Woden da Thor da Frig. Na biyu a bakin masu wa'azi, inda har yanzu zargi ce. Masu tsattsauran ra'ayin Furotesta sun jefi bikin Kirsimeti da ita, har majalisar Ingila ta soke bikin a 1647, Massachusetts ma ta hana shi daga 1659 zuwa 1681. A 2019, lokacin taron bishop-bishop a kan yankin Amazon, wasu 'yan Katolika sun kwashe wasu sassaƙe daga wani coci a Rum suka jefa a kogin Tiber bisa wannan zargi. Na uku a adabi da jarida, da nufin holewa ko son halitta. Na huɗu, da babban baƙi, sunan sababbin addinan da aka ambata. A ko ɗaya daga cikin huɗun ba ta nufin wanda bai yarda da samuwar Ubangiji ba, wannan "atheist" ne, haka kuma masu kiran kansu Pagan suna ƙin a haɗa su da masu bautar Shaiɗan.

Masu fassara Alƙur'ani zuwa Turanci ma sun sha bamban a kanta. Inda Abdullah Yusuf Ali ya sa "Pagans" a madadin mushirikai a Suratut Tauba, Marmaduke Pickthall ya zaɓi "idolaters", wasu na baya kuma suka zaɓi "polytheists". Bature mai karanta fassarar farko zai iya ɗora wa ayar duk kayan da kalmar ta kwaso tun daga Rum, waɗanda babu su a Larabcin.

Hausa tana da kalmomi da yawa a wannan fage, kuma kowace da nata nauyi. "Kafiri" da "mushiriki" kalmomin aƙida ne masu ma'ana a fiƙihu. "Maguzawa" sunan wasu Hausawa ne takamaimai, waɗanda Joseph Greenberg ya yi nazarinsu a ƙasar Kano ya buga littafi a 1946, ba a ɗora shi a kan mutumin Rum ko na Aislan. "Arne" kuwa, duk da cewa a wasu sassan Nijar "Azna" ko "Arna" suna ne na masu riƙe da al'adun kakanni har da sarautunsu, a Nijeriya ta yau zagi ne mai tayar da husuma, kuma sau da yawa Kirista ake jifa da shi, wanda a Turanci shi ne kishiyar "pagan".

Saboda haka ga kira ga 'yan jarida da masu fassara da malaman makaranta. In kalmar ta zo a zancen tarihi, a ce masu bautar gumaka ko mabiya tsohon addinin Rum ko na Girka, gwargwadon wurin. In ta zo a takardun mulkin mallaka, a ambaci al'ummar da sunanta, a kuma gaya wa mai karatu cewa Turawa ne suka kira su haka. In al'ummomin Afirka na yau ake nufi, a ce mabiya addinin gargajiya. In kuwa da babban baƙi ta zo a labarin Turai ko Amurka, a bar ta yadda take, a ƙara ɗan bayani cewa masu farfaɗo da addinan Turai na kafin Kiristanci ne. Kalmar "arne" kuma a cire ta daga cikin zaɓin gaba ɗaya, a labarai da littattafan makaranta.